Layi Na Ɗari Huɗu Da Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Naraguta.
Sanyi na shigowa ta tagar da ta tsage tun bara,
na naɗe ƙafafuna da tsohon zanen Inna,
kwamfuta tana huci kamar wadda ta hau dutsen Shere.
Gonakin dankali dubu da ɗari biyu na zuba mata,
na ce ta ware mini su, kowa ya bi danginsa.

Ta ware.
Masu taki da yawa suka koma kusurwa, jajaye.
Masu ban ruwa daga tsofaffin ramukan kuza, shuɗɗa.
Masu jiran damina kaɗai, koraye,
cunkus kamar Farin Gada ranar sauke kaya.
Sai ɗigo ɗaya can gefe,
bai yi ja ba, bai yi kore ba,
ya tsaya kamar baƙon da ba a nuna wa tabarma ba.

Dakta Chundung ta dube shi ta saman tabarau.
"Kuskuren mai shigar da alƙaluma ne, Hadizatu.
Goge shi. Wata uku ya rage miki."

Ni kuwa shekara biyu ina ginin lissafi,
sharaɗi bisa sharaɗi, kamar mai jera tubali,
na can ƙasa shi ne wanda ban taɓa tuhuma ba:
kowace gona da mai ita, mutum guda.
Hujja goma sha tara na ɗora a kansa,
na'ura ta bi su ɗaya-ɗaya, ta ce babu ɓaraka.
Amma layin nan suna biyu ne a kansa,
amfaninsa kuma kullum rabi, kullum rabi,
kamar wani na cin sauran a ɓoye.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Bukuru,
na sake wata, na ƙarasa da ƙafa.
Na tarar da Baba Davou yana tsince ruɓaɓɓu daga buhu,
hannunsa ja da ƙasa har gwiwa.
Na karanta masa suna na biyu.
Ya daɗe bai ɗago ba.

"Sallau ke nan. Tare muka share ta,
shi da gatari, ni da galma.
Shekarar da gari ya rikice ya kwashe iyalinsa da dare,
ya bar mini makullin rumbu da akuya mai ciki.
Ina nomawa, in sayar, in raba biyu.
Da direba nake aika nasa Toro.
Kaka uku ke nan direba na dawowa da kuɗin,
wai an tashi daga gidan."

Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara
da littafin 'yan firamare wanda ruwa ya taɓa.
Kowane shafi layi ɗaya a tsakiya,
dama da hagu daidai.
Na ce, to idan bai dawo ba fa?
Ya ce, "Dankali ne ke ruɓewa, 'yata."
Ya cika mini leda, ya ƙi karɓar ko sisi.

Yanzu ga ni, ga allo.
Ledar tana ƙarƙashin tebur, ƙasarta na zuba kan takalmina.
Ban goge layin ba.
Na gangara can ƙasan ginin,
na taɓa tubalin farko,
na cire kalmar "guda".

Hujjoji goma sha tara suka yi ja a lokaci ɗaya.

Ban san abin da zan gaya wa Dakta ranar Litinin ba.
An ɗauke wuta. Batir ya ce saura minti arba'in.
Na jawo zanen Inna,
na fara daga ta ɗaya.